Ɗigo Biyu a Ƙarƙashin Tebur

Ni ce na kawo shawarar madubin, shi ya sa ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Aikina ke nan: in tsara yadda za a jera kaya a shagon sayar da kujeru da teburan ofis, in zana allon suna, in kafa fitilu, har mai wucewa ya ji ƙafarsa ta ja shi ciki. Da Alhaji Bashir ya ba ni aikin sabon shagonsa na Unguwar Sarki, na ce a ɗora babban teburin manaja a kan dandamali, a shimfiɗa madubi a ƙasa, haske ya riƙa tasowa ta ƙarƙashi. Ya ce, "Zulaiha, ke dai kanki na ja."

Ana gobe za a buɗe shago muka kunna fitilun. Tebur ya fito kamar ango. Sai dai madubi ba ya rufa asiri. Can a ƙarƙashin katakon ga harafin "ta" na ajami da ɗigonsa biyu, an ƙona shi da ƙarfe mai zafi. Na san shi tun ban san damata da haguna ba. Tambarin Malam Tanko ne, kafintan Unguwar Dosa, mahaifina. Duk abin da zai fita daga rumfarsa, ko 'yar kujerar tsugunno ce, sai ya ɗora masa shi. Ashe a wurinsa Alhaji yake ba da aiki, ban sani ba. Shi ma Alhajin bai san 'yar wa ya ɗauko ba.

Alhaji ya leƙa madubin, ya yamutsa fuska. "Wannan fa? Mun rubuta a allo cewa kayan Turkiyya ne, ga kuma zanen kafintan unguwa yana kallon mutane. A ɓatar da shi."

A nan ya kamata in buɗe baki. Ni da ake cewa bakina ba shi da linzami, ni da na taɓa korar mai fenti don launi ya ɗan kauce, sai na ce, "To." Dama can idan an tambaye ni sana'ar mahaifina, cewa nake yi yana harkar katako, in bar mutum ya ɗauka dila ne. Na janye madubin, na kwanta rigingine, na kama gogawa da samfefa. Baba ba ya aikin ganin ido, ƙunar ta shiga katakon sosai. Na fi rabin awa ina fama, har yatsuna suka saluɓe. Sannan na manna wani ɗan faranti mai ruwan zinariya, ɗauke da sunan kamfanin da babu shi a duniya, na mayar da madubin wurinsa.

Washegari shago ya cika da baƙi, turare na tashi, ana ta ɗaukar hoto. Wani ya ja aljihun teburin, ya ƙi fitowa, sanyin damina ya kumbura katakon. Alhaji ya koma gefe ya buga waya. Ba a jima ba sai ga Baba da jakar kayan aikinsa, garin katako a kafaɗar rigarsa. Yana hango ni fuskarsa ta washe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata," ya ce.

Alhaji ya waigo. "Au, kin san shi ne?"

"Eh," na ce. "Kafinta ne a unguwarmu."

Wallahi ban san daga inda maganar ta fito ba, amma bakina ne ya faɗe ta. Baba ya dube ni kaɗan, ya ajiye jakarsa, ya durƙusa. Ya zare aljihun, ya ɗan fere gefensa, ya goga masa kyandir, ya mayar. Sannan hannunsa ya zarce ƙarƙashin teburin, yadda ya saba shafa aikinsa. Na ga yatsunsa sun tsaya a kan farantin. Ya sunkuya ya duba madubin, idonsa ya haɗu da nawa a ciki.

Alhaji kuwa yana ta yi wa baƙi bayani: "Duk wannan tsarin aikin Zulaiha ne. Har ƙarƙashin tebur ba ta bari ba."

Baba ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa. "An gyara, Madam," ya ce, ya fita.

Kwana uku ina kewaye layin rumfarsa. Kunya ta hana ni cin abinci, ta hana ni amsa yabon da ake ta aiko mini a waya. A rana ta huɗu bayan la'asar na daure na je. Yana fere katako. Ya amsa sallamata kamar kullum, har ya turo mini benci da ƙafa. A gefe ga sababbin kujeru shida an jera, fenti ya bushe, suna jiran mai su. Na rasa ta inda zan fara, sai na ɗauki ɗaya na juya ta. Babu komai a ƙarƙashi. Na juya ta biyu, na juya ta uku. Ƙarfen tambarin yana rataye a ƙusa.

"Baba, ba ka sa wa waɗannan tambari ba."

Bai ɗago ba. Da ya zage ni, da ya ce in fita masa daga rumfa, da na samu sauƙi.

"Na ga yatsunki ran nan, Uwata," ya ce. "Ƙunar tana shiga da yawa. Na ce gara in rage miki wahala."