Kifin Da Aka Koro

Steinunn tana nuna wa wata sabuwar ma'aikaciya yadda ake ware kifin da cikinsa ya fashe, sai injin ya tsaya cak. Ba ƙarar lalacewa, ba warin ƙuna. Daga ofis aka kashe shi.

Matan da ke kan layi suka ɗago kai. Ketill, manajan masana'antar sarrafa kifin, ya sauko matakala kansa babu ko hula, shi da yake iya korar mutum waje a kan silin gashi guda.

"Jirgin ya juyo," in ji shi.

"Wane jirgi?" Steinunn ta tambaya, duk da ta sani.

"Namu mana. Sun hana shi shiga tasharsu. Kyaftin ya ce ko igiya ba su bari ya jefa ba."

Kifin kakar bana kusan gaba ɗaya yana cikin jirgin nan, a daskare cikin kwalaye. Tun Steinunn tana budurwa wata babbar ƙasa ta gabas ke sayen kifin garinsu, har yara sun iya gaisuwa da harshen matuƙanta. A watan jiya gwamnati a Reykjavik, babban birnin tsibirinsu, ta bi sahun ƙawayenta ta sa hannu a kan takunkumin da aka ƙaƙaba wa babbar ƙasar, saboda wani yaƙi da ake yi a ƙasar da babu ɗan garin da ya taɓa takawa. Yau ga amsa ta iso.

"To mu yanzu me za mu yi da na kan layi?" wata ta tambaya.

Ketill ya dubi kifin, ya dubi ƙofar ɗakin sanyi, wanda ya riga ya cika maƙil. "Ku je ku sha kofi tukuna."

A ɗakin cin abinci babu wanda ya cire rigar aiki. Larisa ta zauna a wurin da ta saba, kusa da Steinunn. 'Yar babbar ƙasar ce, aure ya kawo ta tsibirin, teku ta cinye mijin, ita kuma ta zauna. Ita ke rubuta wa masana'anta bayanin jikin kwali da harshensu.

Grimur, direban motar ɗaukar kaya kuma mijin Oddny 'yar Steinunn, ya ajiye kofinsa da ƙarfi.

"Larisa, ki ɗan buga wa baffanki waya mana, ki ce ya buɗe mana ƙofa."

"Baffana direban bas ne," in ji Larisa, "kuma ya daɗe a ƙasa."

Wasu suka yi dariya. Grimur bai yi ba.

"Ku dai haka kuke. Ku ci abincin mutum, ku goge baki, ku taka shi."

"Grimur," in ji Steinunn.

"Ƙarya na yi? Matata cikinta ya tsufa, gidan da muke ciki ba mu gama..."

"Na ce ya isa. Wannan matar ita ta riƙe Oddny ranar da aka binne mahaifinta. Lokacin kai kana ina?"

Ya tashi ya fita. Larisa ta ci gaba da juya cokali a kofin da ba ta sa sukari ba. Can ta ce, a hankali, "Na kira ƙanwata ɗazu. Ta ce a labaransu ko ambatar sunanmu ba a yi ba. An lissafa manyan ƙasashe, sai aka ce 'da sauransu'."

Bayan azahar aka yi taro a zauren makaranta. Gwamnati ta aiko jami'i daga ma'aikatar harkokin waje a ƙaramin jirgin sama. Da ya shigo da kwat ɗinsa Steinunn ta gane shi: Hallur ne, ɗan Asta mai gidan biredi a garin da ke bayan dutse. Ya rame, kuma gashinsa ya fara zubewa.

Ya yi bayani mai tsawo. Ya ce ƙasa ƙarama ba ta da soja, ba ta da abin dogaro sai doka da abokai, in ta janye hannu yau, gobe in aka taɓa ta ba mai tsaya mata. Ya ce ana neman sababbin kasuwanni. Ya ce ana tattaunawa a kowane mataki.

"Abokan nan naku za su sayi kifin?" wani tsohon masunci ya jefo daga baya.

"Suna da nasu kifin, kuma akwai batun haraji..."

"Wato a'a."

"Ban ce a'a ba."

"Kai Hallur, uwarka in biredi ya ƙone cewa take ya ƙone!"

Zaure ya ɗauki dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Steinunn ba ta yi ba. Abin da ya dame ta shi ne ba ta ga ƙarya a maganarsa ba. Ta ga hotunan yaƙin a talabijin, ta ga mata da ƙunshin kaya a bakin hanya, har ta ce wa Larisa ya kamata duniya ta yi wani abu. Ba ta san cewa abin da duniya za ta yi zai biyo ta nan ba.

Da aka tashi ta same shi a bayan makaranta, yana jingine da bango yana neman ashana a aljihu.

"Hallur."

"Steinunn. Na gan ki a ciki. Na yi ta addu'a kada ki ɗaga hannu."

"Ba a ciki nake son ji ba. Faɗa mini nan. Da wa kuke tattaunawar?"

Ya mayar da tabar da ke hannunsa cikin kwali.

"Jakadansu ya ce ba daga wajensa ba ne, mu rubuta wa babban birninsu. Mun rubuta. Can a ma'aikatarsu mutum ɗaya ne ke kula da sha'aninmu, shi ne kuma ke kula da wasu ƙananan ƙasashen."

"To me ya ce?"

"Yana hutu."

Steinunn ta dube shi ko wasa yake.

"Sun ce zai dawo ƙarshen wata," in ji Hallur. "Kullum da safe ina kira. Wata mata ce ke ɗauka, tana da kirki ƙwarai. Ta ce ta taɓa ganin tsibirinmu ta tagar jirgi."

"Jakadanmu fa?"

"Yana can yana jiran a ba shi rana." Ya shafa fuskarsa. "Steinunn, kada ki faɗa wa kowa ni na gaya miki."

"Wa zan gaya wa? Me za su yi da shi?"

Ta koma masana'anta a ƙasa, ta bakin ruwa. Kwale-kwale biyu da ya kamata a ce suna teku suna ɗaure a gaɓa. Ketill ya tare ta a ƙofa, ya ce an yanke shawara: in jirgin ya iso babu wurin ajiye kayan, za a farke kwalayen a kai kifin injin niƙa, a yi abincin dabbobi da shi. Hannu kaɗan wannan aikin yake so. Daga nan sai a rufe layi, sai abin da hali ya yi.

"Kifin da muka tsaya muka zaɓa ɗaya bayan ɗaya," in ji ta.

"Na sani."

"Na sa yarinya kuka a kan ta bar wanda jelarsa ta karye."

"Na sani, Steinunn. Ke za ki gaya wa matan ko ni?"

Ta ce ita za ta gaya musu. Ta gaya musu a tsaye, a gefen injin. Babu wadda ta yi mata musu, kuma da sun yi da ta fi jin daɗi. Larisa ce ta fara ɗaukar tiyo ta soma wanke ƙasa, sauran suka bi.

Da ta isa gida da yamma ta tarar da Oddny a kicin, zaune ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura a kan kujera. Ta dafa dankali amma ba ta ci ba.

"Grimur ya ce in ba Larisa haƙuri," in ji Oddny. "Kunya ta hana shi zuwa da kansa."

"Ya je da kansa. Gidanta ba nisa."

"Mama." Oddny ta gyara zama. "Abokinsa da ke ƙasar Norway ya kira shi. Akwai aiki a gonar kifi, har da gida. Amma sai in zai fara wata mai zuwa."

Steinunn ta buɗe famfo ta soma wanke hannu. Ta tagar kicin ana hango rufin makaranta, inda yara suka ragu har aka haɗe azuzuwa bara.

"A can zan haihu ke nan," in ji Oddny. "Ban san kowa ba. Ni ba na so." Ta ɗora hannu a kan cikinta. "Ki ce mu zauna, Mama. In kin ce za a buɗe layin kafin sanyi, ni zan hana shi, wallahi ba inda za mu. Ke kin san ciki. Kin yi magana da Hallur, an gan ku."

Steinunn ta ci gaba da murza yatsunta a ƙarƙashin ruwa. Ta daɗe tana neman abin da za ta ce wanda ba ƙarya ba ne kuma zai riƙe 'yarta a garin. Ta rufe famfo, ta goge hannu a tawul.

"Manyan akwatunan nan na babanki suna sama," in ji ta. "Kada ki hau da wannan cikin. Gobe zan sauko miki da su."