Hatimin Tatsuki

Tun hantsi wata farar mota take fake a ƙofar gidan marayu, injinta na ruri. Malama Kuramochi, mai kula da gidan, ta leƙa taga ya fi sau goma. Shinkafa da jan wake da aka dafa don murna har ta huce. Yau Tatsuki ya cika sha takwas.

Shekara tara ke nan da kotu ta karɓe shi da karyayyen hannu daga wajen ubansa Genzo, ta damƙa mata riƙonsa. Sau uku ta koma roƙon a ƙara wa'adin, ko na wata huɗun da suka rage ya gama sakandare. Magatakarda ya yi ta rusuna mata kamar zai kwanta, amsar dai ɗaya: baligi ne. Baligi! Yaron da har yau in an ɗaga murya sai ya kare kansa da hannu.

*

Genzo ya fito daga motar ya shigo, ko takalmansa bai jera a bakin ƙofa ba. Ya baje takardar barin makaranta a kan tebur.

"Sannu da aiki, Malama, an sallame ki. Kai, ɗauko hatiminka. Jibi jirgin kamun kifi zai tashi, ba ya jiran ɗan boko."

Jiya ma wannan takarda ba ta da amfani sai da nata hatimin, wanda ake bugawa a madadin sa hannu. Yau ko kallonta ba a buƙata.

"Tatsuki, ba dole ba ne," in ji ta. "Kana iya cewa a'a."

Ya ɗago ido cike da hawaye. "Malama, ke ki ce masa ba ki yarda ba. Kamar da."

"Ban yarda ba!"

Genzo ya tuntsire da dariya. "To, mun ji. Sai me? Buga, kar ka ɓata min lokaci."

Tatsuki ya dangwala hatimin a jan tawada, ya danna.

Ta kai ido kan takardar. A juye ya buga, sunan ya kalli ƙasa. Bakinta har ya buɗe don gyara, irin na sabo, sai ta haɗiye.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon motar har ta sha kwana, tana roƙon Allah Ya sa ma'aikacin makarantar mutum ne mai tsananin bin ƙa'ida, wanda ba zai karɓi takarda da hatimi a juye ba.