Furen da Aka Ɗaura wa Tsumma

"Ajiye wuƙar nan, Regina! Na ce ki ajiye!"

"Mama Hellen, lambun ubana ne fa. Shi ma sai na nemi izini?"

Hellen ta ƙetare shingen kara tana haki, amma ta makara. Furanni bakwai ne a hannun Regina, jajaye, manya kamar tafin hannu, kowanne da shuɗin tsumma ɗaure a wuya.

"Kin san abin da tsumman nan yake nufi?"

"Su ne suka fi kyau. Su ya ware."

"Don iri ya ware su! Ba a taɓa su sai sun bushe a tsaye. Duk karatunki na Kaduna bai kai nan ba?"

Regina ta dubi hannunta. Malamar makaranta ce, jiya ta sauko daga jirgin ƙasa da aka aika mata cewa jikin mahaifinta, Baba Eli, ya yi tsanani. So take ta kai masa abin da zai kalla banda rufin kwano.

Hellen ta juya ga kwamin furen. Babu sauran ko ɗaya.

Shekara bakwai ke nan tana kallon lambun nan daga ƙofar ɗakinta. Bayan yaƙi Eli ya bar aikin reluwe da gurguwar ƙafa, ya kama wannan ɗan fili a bakin rafi, wanda kowa ya raina. Shekarar farko awaki suka cinye latas ɗin. Ta biyu rafi ya cika ya tafi da kabeji. Ta uku ya kai tumatir tasha, jirgi ya yi latti, suka ruɓe a kwando. Bai daina ba. Garwa biyu, safe da yamma, yana ɗingishi. Irin furen kuwa wani fasinja ne daga Jos ya ba shi a ƙunshin takarda, kuma duk Kafanchan ba mai irinsa. Mutane suka samu abin dariya.

"Eli, yau miyar fure za a sha?"

Ita ma Hellen ta faɗa, ba sau ɗaya ba. Amma kowace Lahadi furen yana gaban majami'a, kuma ba amaryar da aka ɗaura wa aure a unguwar ba tare da shi ba.

Da ya kwanta ciwo a tsakiyar rani, ita ta karɓi garwar. Kabeji ta fara shayarwa, sai karas. Abin da ya rage a gindin garwa shi take ba fure. Shi ya sa bakwai kaɗai suka rayu. Wannan ba ta faɗa wa Regina ba.

"Bari in ɓoye su," in ji Regina.

"A ina? Mutumin da yake ƙirga su daga taga? Mu je."

Ɗakin yana warin magani da ƙasa. Eli na jingine da bango, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ga furen, ya ga tsumman.

"Baba, ban sani ba."

"Kawo."

Ta ɗora masa a cinya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, yana murza tsakiyarsu.

"Shekara bakwai ina shuka su," ya ce, "ban taɓa shigo da ko ɗaya ɗakina ba. Ashe haka suke a inuwa."

Shida ya miƙa wa 'yarsa. "Waɗannan ɗanyu ne. Sa su a kwalba inda zan gani." Na bakwai, wanda bakinsa ya fara ƙonewa, ya riƙe. "Wannan ya ɗan kama hanya. A rataye shi kai ƙasa a gindin rumbu. In ya bushe a murza, a haɗa da toka."

"Zai fito, Baba?"

"Ni ne Ubangiji? Ki shuka ki gani." Ya juyo ga Hellen, idonsa na dariya. "Ke kuma, maƙwabciya, da kika ce ba a miya da shi, ke ce ihunki ya kai tasha?"

"Garwata nake wa kuka," in ji ta. "Bayana ya kusa karyewa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ranar Alhamis da safe ya cika, daidai lokacin da jirgi yake busa a tasha. Matan zumunta suka zo suka yi waƙa. Furanni shidan, da suka riga suka sunkuya a kwalba, Regina ta jefa su a kabari.

Na bakwai ya yi mako uku a gindin rumbu har ya zama kamar tsohuwar tsintsiya. Hellen ta murza shi a faifai. Abin da ya zubo bai cika cokali ba, rabinsa ƙaiƙayi. Ta haɗa da toka, ta ɗaure a shuɗin tsumman.

Regina ta dawo hutun Ista, takalmanta a hannu. Ruwan fari ya sauka a daren Talata, da safe su biyu suka gyara kwamin suka yafa. Wannan karon fure Hellen take fara ba ruwa.

Kwana tara ba komai. A na goma Regina ta kira ta daga bakin rafi. Suka durƙusa, kai da kai. A gefen kwamin wani abu ya ɗaga ƙasa, ganye biyu, ƙanana kamar farcen jariri, da ɗigon toka a kan ɗaya.

Ba tare da sun sani ba, dukansu suka waiwaya wajen tagar.

"Mama Hellen," in ji Regina a hankali, "shi ne, ko ciyawa ce?"