Ƙafar Hagun Injiniya

Shekara goma sha ɗaya Buhu-Biyu yana ɗaga Injiniya daga gado zuwa keken guragu, kuma ko sau ɗaya bai taɓa bari mutumin ya taɓa ƙasa ba. Sunan ma ba a banza ya samo shi ba. Zamanin da yake dako a bakin sito, ƙarti suna ɗaukar buhu ɗaya suna nishi, shi biyu yake cewa a ɗora masa, ya taka katako ya hau mota yana fito. Mota ta taɓa kifewa da su, su tara, shi kaɗai ya fito da ƙafafunsa. Tarin siminti ya rufto masa, aka tono shi ana salati, ya karkaɗe riga ya ce a ba shi ruwa. Amai da gudawa ta kwashe rabin layinsu, shi kwana biyu ya yi ya miƙe. To, irin wannan mutumin za a zo a yi wa wayo da zancen fim?

Auta ce ta kawo zancen, 'yar Injiniya ta ƙarshe, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarta. Ta same su a falo, Buhu-Biyu yana yanke wa Injiniya farce, ta ce wai wani darakta ya ji labarinsu ya ce lallai sai ya yi fim a kai. Ga mai gina gadoji wanda hatsari ya karya wa baya, daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai, hannuwa kuma iyakarsu riƙe cokali. Ga ɗan dako wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa. Tun safe suke tsokanar juna har rana ta faɗi, amma kowa ba ya cin abinci sai ya ga ɗan'uwansa ya ci. Fim ne na ban dariya da ban tausayi, in ji ta, kuma jarumin da zai fito a matsayin Buhu-Biyu zai riƙa zuwa har mako biyu yana koyon aikin.

Injiniya ya yi dariya, ya ce a nemo wanda ya iya cika baki, in ba haka ba fim ɗin ba zai yi kama ba. Buhu-Biyu ya ce a nemo wa Maigida tsoho mai mita da tumbi. Aka yi dariya. Amma ya lura Auta ba ta kalli idonsa ba, tana ta gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Akwai abin da Buhu-Biyu yake ɓoyewa. Wata huɗu ke nan hannuwansa suna rawa idan ya gama ɗagawa, ƙaramar rawa daga kafaɗa zuwa yatsu. Yakan juya baya ya yi kamar yana ninke bargo har ta lafa. A ganinsa ba wanda ya sani. Yanzu kuma sai ga fim ya faɗo daga sama.

Jarumin ya zo ranar Litinin, ƙato mai faɗin kafaɗa, da ladabi har ya yi yawa. Ya durƙusa ya gaida Buhu-Biyu, Baba kaza, Baba kaza. Buhu-Biyu ya miƙa masa hannu don ya ji tafinsa, ya ji kanta. Ya shaƙi iska, babu turaren 'yan fim, sai ƙanshin sabulun nan na asibiti. Kafin azahar ya ga mutumin ya sa ƙafa ya danne birkin keken ba tare da ya duba ƙasa ba, alhali birkin nan a ɓoye yake, ita kanta Auta sai ta sunkuya take samunsa. Ya tambaye shi finafinan da ya fito, ya ce ƙanana ne, Baba ba zai san su ba. Ya tambayi inda darakta yake, aka ce ya yi tafiya. Ya sake tambaya ranar Alhamis, aka ce bai dawo ba.

Ranar Juma'a ya laɓe a bakin kicin, ya ji Auta tana tambayar Jarumi ko ɗakin da ke kusa da matakala zai ishe shi. Ɗakin nan bango ɗaya ne tsakaninsa da na Buhu-Biyu. Wane ɗan fim ne ke neman ɗakin kwana a gidan da ya zo koyon mako biyu?

Ya kai ƙara wurin Injiniya lokacin da yake masa aski. Ya ce Auta na shirya wani abu, ya ce yaron nan in ɗan fim ne to shi ma likita ne. Injiniya, fuska duk kumfa, ya ce tsufa ne ya fara taɓa masa kai, ko ƙuda ya shigo ɗaki sai ya ce aiko shi aka yi. Buhu-Biyu ya ci gaba da jan reza, yana tausayin mutumin. Mai ilimi, mai gadoji, ga shi 'yar cikinsa tana juya shi bai sani ba.

Koyarwa kuwa ya koyar, don kada a ce ya ƙi. Ya jawo buhun shinkafa daga kicin, ya kifa masa tsohuwar hular Injiniya, ya zaunar da shi a bakin gado. Ya nuna yadda ake karkata keke, yadda ake ninka tawul a zagaya ƙugu, yadda ake matse gwiwoyin mutum tsakanin naka, haɓarsa a kafaɗarka, ka yi lilo sau uku ka juya. Jarumi ya ɗauke komai a karo ɗaya, wanda hakan ma wata shaida ce. Amma da safe, lokacin ɗagawa ta gaske, Buhu-Biyu kan rufe ƙofa ya murza makulli, ya ce Maigida ba ya son a gan shi ba riga.

Abu ɗaya ya riƙe, kuma shi ne aikin gaba ɗaya. Ƙafar hagun Injiniya, idan tafinta ya taɓa sanyin ƙasa da safe, takan yi lamo na ɗan lokaci, sannan ta sandare ta hau harbi kamar ta akuyar da aka yanka. Wanda ya ɗaga a wannan lokacin, gwiwar za ta kuɓuce masa, su zube su biyu a kan ƙarfen keke. Sai an danne ta an jira ta gama. Shi Injiniya ba ya ji, kuma ba ya gani, don haɓarsa na kan kafaɗa. Sau ɗaya ya taɓa ganinta, a shekarar farko, ya ɗauka ƙafar ce ke dawowa, ya sa aka kira likita yana kuka don murna. Likita ya ce ba haka ba ne, jijiya ce kawai. Kwana uku Injiniya bai ci abinci ba. Aka ba shi magani, ya ɗauka abin ya wuce, Buhu-Biyu kuma bai ƙara bari ya gani ba. Kullum idan ya matse gwiwoyin sai ya ɗauko labarin motar da ta kife, ko na siminti, ya ja shi daidai tsawon harbin. Shi ya sa Injiniya yake cewa a duniya bai taɓa ganin mai surutu da mutum a rungume ba sai wannan tsohon.

To, wannan ne bai faɗa ba. Ya ce a ransa, bari ƙaton ya ɗaga, ya sha ƙasa, kowa ya san wane ne wane. Yadda Injiniya zai kasance a cikin faɗuwar kuwa, duk lokacin da tunanin ya zo sai ya tashi ya nemi wani aiki.

Ranar da mako biyu suka cika, Auta ta ce darakta ya aiko a ɗauki Jarumi a waya yana ɗaga Injiniya da kansa, a tura masa ya gani. Ƙarfe bakwai suka taru a ɗakin. Auta ta tsaya wajen taga da waya a hannu. Buhu-Biyu ya jingina da jikin ƙofa ya harɗe hannuwa. Jarumi ya karkata keke, ya danne birki, ya zaunar da Injiniya a bakin gado, ya sauko da ƙafafun ƙasa. Ya zagaya tawul, ya matse gwiwoyi. Komai daidai, ba inda za ka kushe.

Injiniya ya ɗora haɓa a kafaɗarsa ya ce, “Kai dai ɗaga kawai, ɗana. Ba sai ka ba ni labarin mota ba, na haddace.”

Jarumi ya yi lilo na ɗaya. Buhu-Biyu yana kallon ƙafar hagu, ta yi lamo. Ya kalli ƙarfen da ake ɗora ƙafa a jikin keke, ya kalli ƙeyar Injiniya, inda gashi ya yi fari ya yi laushi, ƙeyar da shi yake wankewa. Jarumi ya yi lilo na biyu.

“Tsaya,” in ji Buhu-Biyu. “Kar ka ɗaga.”

Bai san lokacin da ya iso ba. Ya durƙusa, ya kama hannun Jarumi ya ɗora a kan gwiwar hagu, ya danna da nasa a sama. Ba a yi numfashi biyu ba ƙafar ta sandare ta hau harbi, diddige yana bugun ƙasa, gadon har yana motsi. Idon Jarumi ya fito. Auta ta sauke waya. Injiniya ya ɗago kai daga kafaɗa ya leƙa ƙasa, ya ga ƙafarsa tana abin da bai sa ta ba, ya yi ta kallo har ta lafa.

Ya tambaya tun yaushe. Buhu-Biyu ya ce kullum, tun wancan karon. Ya bayyana wa Jarumi sauran, yana kallon ƙasa: ranar sanyi ta fi daɗewa, in ta tsaya ka ƙara jira kaɗan don takan dawo, kuma kada ka yarda da lamonta. Ya ce da gangan ya ɓoye, kuma ya san ba wani fim, ya san Auta ce ta kawo wanda zai gaje shi, ga shi ya ba da abin da ya rage masa, sai a sallame shi.

“Ba Auta ba ce,” in ji Injiniya. “Ni ne. Ƙafata ce ba na ji, tsoho, amma kafaɗarka a ƙarƙashin haɓata take. Wata huɗu ina jin tana rawa. Da na ce maka ka huta, me za ka ce?”

“Da na ce ƙarya ne.”

“To, ka gani.”

Buhu-Biyu ya miƙe a hankali, yana dafa gado. Wato duk ƙarar da ya kai lokacin aski, wurin mai laifin ya kai ta. Ya dubi Jarumi ya tambaye shi aikinsa na gaskiya, ya ce shekara takwas yana jinyar marasa lafiya a asibiti, kuma bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Buhu-Biyu ya ce ai tun ranar Litinin ya sani, tun daga musabaha, su dai sun ɓata wa kansu lokaci ne. Sannan ya ja da baya ya ce ya ɗaga, yanzu ta kwanta.

Jarumi ya yi lilo uku ya juya, Injiniya ya sauka cikin keke lafiya lau. Buhu-Biyu ya zagaya ya duba, ya ce ƙugun ya karkace, ya gyara da kansa, ko da yake bai karkace ba.

Injiniya ya ce ɗagawa kawai aka karɓa. Wanka, aski, tura keke zuwa bakin titi da yamma, ɗakinsa, duk suna nan yadda suke, kuma ba wanda zai ɗaga shi sai tsohon yana tsaye a kai. Buhu-Biyu ya saurara har ƙarshe, yana kallonsa ta wutsiyar ido. Mutumin da ya ƙirƙiro darakta sukutum, har da tafiyarsa, mene ne ba zai ƙirƙira ba?

Ya juya wurin Auta ya ce ta ɗago wayar ta kunna. Ya tura keken gaban taga inda haske ya fi, ya gyara wa Injiniya wuyan riga, ya tsaya a bayansa ya dafa kafaɗunsa biyu.

“Maimaita, Maigida,” ya ce. “Tun daga wanka. A hankali, kuma ka kalli wayar.”