Mista Sannu

Tun da aka tsaga ƙirjin Baba aka gyara masa zuciya, 'ya'yansa suka daina yi masa magana, suka koma yi masa sannu. In ya yi tari, sannu. In ya miƙe, sannu. In ya zauna lafiya lau yana kallon bango, sai wani ya leƙo ya ce sannu, don kada ya manta. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan jirgin ƙasa da taragai reras a bayansa, yanzu ko kofin shayinsa ba a yarda ya ɗauka da kansa ba.

Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ya kwashi dangi zuwa wani tsibiri a tsakiyar teku, wai don Baba ya sha iska. Iskar kam ya sha, don ita kaɗai ce Auta ba ta hana ba. Auta ma'aikaciyar jinya ce, kuma ta riƙe uban nata kamar gadon asibitin da aka damƙa mata.

A ɗakin cin abinci na otal akan jera dogon tebur: jatan lande a kan ƙanƙara, gasasshen kifi da lemun tsami, abarba, gwanda, kwakwa an fafe kanta. Kowa ya ɗauki faranti ya bi layi. Baba kuwa a kujera ake ajiye shi, Auta ta kawo masa farar shinkafa da dafaffen kifi, ba gishiri ba barkono, fari fat kamar an wanke shi da sabulu.

"Sannu, Baba. Ci a hankali."

"Me zan yi wa gaggawa a nan?"

Yawon ma haka. Da aka je tsohuwar ganuwa mai igwogi, dangi suka hau sama suna ɗaukar hoto, aka bar shi gindin bishiya da jakunkuna. Da aka je hasumiyar da ke haska wa jirage hanya, gindin wata bishiyar. Wurin manyan kunkuru ne kawai aka bar shi ya matso. Ya daɗe yana kallon wani tsoho daga cikinsu da ake tura wa ganyen latas a baki, ya ga ɗan'uwa.

Jagoransu ɗan tsibirin ne, dogo mai malafa, ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa. Da turanci yake musu bayani, kuma mutum ne mai kasa kunne.

Ranar da za a shiga kwalekwale mai inji zuwa wani ƙaramin tsibiri inda ake gasa ƙaguwa a bakin ruwa, tun a mota aka gama shawara, a gabansa, kamar an bar shi a otal.

"Baba zai jira mu a rumfa," in ji Auta. "Igiyar ruwa ba ta dace da shi ba."

"Haka ne," in ji Injiniya. "Dama kayan nan suna buƙatar mai ido."

Jagora ya tsaya a bakin gadar da ake shiga kwalekwale yana kama hannun kowa yana shigar da shi. Da ya ɗaga kai ya hangi tsohon cikin jakunkuna, sai ya ɗaga malafarsa ya kwaɗa kira:

"Mista Sannu! Mista Sannu!"

Matar Injiniya ce ta fara fashewa da dariya, har ta riƙe ciki, sauran suka ɗauka. Injiniya ya bayyana wa jagora cewa ai wannan ba suna ba ne, kalma ce da ake wa marar lafiya. Mutumin ya ji kunya. Ya ce su yafe masa, tun da suka sauka bai ji an kira dattijon da wani abu ba sai wannan, har ya gaya wa ma'aikatan otal haka sunansa yake.

Baba bai yi dariya ba. Baƙo ya saurari gidansa kwana da kwanaki, abin da ya tsinta ke nan. Ya ture jakar da ke cinyarsa, ya miƙe, ya nufi gada.

"Baba, ina za ka?" Auta ta sha gabansa.

"An kira ni."

"Ai kuskure ya yi."

"Bai yi kuskure ba. Ku kuka raɗa, shi shela kawai ya yi."

"Baba, likita ya ce..."

"Likita ya ce in rage gishiri, in riƙa tafiya. Ina wurin, da kunnuwana biyu. Kun cinye tafiyar, kun bar min ragin."

Idon Auta ya cika. "Ni na tsaya a ƙofar ɗakin tiyata, Baba. Ni na ga yadda aka fito da kai."

"Ni kuma ina ciki, 'yar nan. Ban sha wuƙa don in zama maigadin jaka ba."

"To kayan fa?" in ji Injiniya.

"Kai da ka ga suna buƙatar mai ido, ai ga naka nan biyu."

Ya kewaye Auta. Jagora ya miƙo hannu, Baba ya kama, ya taka cikin kwalekwalen ya zauna can gaba, inda ruwa ke fantsama. Auta ta biyo shi da jakar magani a rungume. Injiniya ya damƙa wa direban mota kayan, ya shigo yana gunaguni.

Ba su yi nisa ba Injiniya ya rataye kansa a gefen kwalekwale, ya mayar wa teku duk jatan landen da ya ci da safe. Kalmar nan ta zo wa Baba har bakin harshe, mai daɗi, a shirye. Ya haɗiye ta, ya miƙa masa hankici.

A ƙaramin tsibirin wata mata ce ke gashi a kan rabin durum, hayaƙi na tashi ta cikin ganyen kwakwa. Baba ya je da ƙafarsa ya nuna ƙaguwar da ta fi kowace girma. Da matar ta ɗebo gishiri, ya nuna mata da yatsu biyu cewa kaɗan. Da ta ɗebo barkono, ya juya kai yana kallon teku har ta gaji da barbaɗawa.

Auta ta zauna a bencin da ke fuskantarsa.

"In wani abu ya same ka fa?"

"To ya same ni da maiƙo a baki."

Ya kama ƙaguwar da hannu biyu ya ɓalle ta, ƙas, romon ya gangaro masa a riga. Ya tsotsi ƙafa ɗaya, barkonon ya hau masa kai, hawaye suka zubo, ya yi tari mai ƙarfi. Auta ta zaro tsumma ta miƙo hannu za ta goge masa baki, hannun ya tsaya a hanya. Ta ajiye tsumman a kan tebur, kusa da shi.

Baba ya gama tarinsa, ya share idonsa da bayan hannu. Ya tura mata rabin ƙaguwar.

"Ci," ya ce. "Kin rame. Tsaron mutum ba ƙaramin aiki ba ne."