Kwalekwalen Roba a Lyon

Malam Abakar ya turo ƙofar kicin ya iske Ilya durƙushe, kansa cikin robar wanke-wanke. Ƙato da shi, mai gemu, ma'aikacin lantarkin da ke hawa tsani ko ƙasa ba ya dubawa, ga shi ya dafe bakin roba da hannu biyu kamar za a ƙwace masa ita. Bai jima ba ya fizgo kansa yana haki, ruwa na zuba ta gemunsa.

"Ƙanena, lafiya? Ko sabuwar alwala aka fito da ita ban samu labari ba?"

"Gwaji nake, Malam."

"Na gani. Wa ya ci, kai ko robar?"

Ilya bai yi dariya ba. Ya ɗauki tawul ya rufe fuska.

Malam Abakar tela ne a unguwar Goutte d'Or da ke Paris, mutumin Cadi, kuma shi da Ilya suka raba wannan ɗan gida a Bobigny, gefen birnin. Iyalin Ilya kuwa suna Lyon. Can matarsa Safi ke aikin jinya a ɗakin tiyata, can 'yarsu Zakiyya ke makaranta. Shi a Paris aikinsa ya ɗaure shi. Juma'a da yamma ya hau jirgin ƙasa, Lahadi ya dawo, haka tun yarinyar na rarrafe. Faɗuwar haƙorinta na farko ma a waya ya gan ta.

Safi ce ta zo da zancen. Wata ƙungiyar agaji na da jirgin ruwa da aka mayar asibiti, yana tsayawa wata da watanni a bakin tekun ƙasashen Afirka ta Yamma, ana yi wa mutane tiyata kyauta. Suna neman ma'aikatan jinya, suna neman mai gyaran lantarki, kuma suna ɗaukar iyali gaba ɗaya, har makarantar yara akwai a ciki. Aikin sa kai ne na shekara biyu. Safi tana da dalilinta, domin maƙoƙo ne ya kashe innarta a Dakoro, can Nijar, tana jiran likitan da zai cire shi. Dalilin Ilya bai kai nata girma ba, amma shi ne ya hana shi sakat: shekara biyu a ɗaki ɗaya, ya tashi da safe ya ga 'yarsa tana neman takalminta.

Abu ɗaya ya rage. Duk wanda zai yi aikin injin jirgi sai ya ci gwajin ruwa, kuma gobe Asabar ne gwajin, a wani gidan ninƙaya a Lyon, iyalai ma za su shiga.

"Ka gaya wa Safi?" in ji Malam Abakar.

"Ta san ta ruwa na zo ƙasar nan."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Ilya ya sani. Kwalekwalen roba ɗaya ya ɗauko su daga Libiya, shi da Malam Abakar, shekarun baya. Da gefe guda ya sace mutane suka zube a teku, wani mutum da Ilya bai taɓa ganin fuskarsa ba ya shaƙo wuyansa ta baya, suka nutse tare. Masu ceto sun tsamo Ilya, mutumin kuwa ba a gan shi ba. Safi ta san da kwalekwalen, ta san tabon da fetur da ruwan gishiri suka bar masa a cinya. Zancen wuyan ne bai taɓa iya fitowa daga bakinsa ba.

"Jirgin nan ƙarfe ne, Malam. Bene ne guda, kullum yana ɗaure a bakin gaɓa."

"Jirgin ƙarfe ne. Kai fa?"

Ilya ya zubar da ruwan robar, ya shiga haɗa jakarsa.

A tashar Part-Dieu ta Lyon bai ga Zakiyya ba, kuma bai neme ta ba, don ya san wasan. Kowace Juma'a sai ta laɓe bayan ginshiƙi, ta bari ya wuce, sannan ta daka tsalle ta ɗare bayansa ta sarƙe wuyansa. Yau ma haka ta yi. Ya yi kamar ya firgita, ya yi ta juyi da ita tana ƙyalƙyala dariya. A kan busasshiyar ƙasa wannan riƙo bai taɓa damunsa ba, shi yake jira duk mako.

"Papa, gobe zan nuna maka yadda ake nutso. Na fi kowa a ajinmu."

"To, kifin gidanmu."

Safi ta karɓi jakarsa tana kallon idonsa. "Baban Zakiyya, ka tabbata? In ba za ka iya ba, ka faɗa yanzu. Wallahi ba zan ga laifinka ba."

"Haba Safi, ruwan da yara ke wasa a ciki?"

Namiji ke nan. Tun daga Paris tsoro ke tare da shi, amma da murmushi ya faɗa, ita kuwa ta so ta yarda, sai ta yarda.

Washegari da hantsi suka isa gidan ninƙayar. Iyalai kaɗan ne, Turawa da wasu 'yan Kamaru, kowa an ba shi doguwar rigar aiki ruwan lemo ya ɗora kan kayansa, da rigar ceto mai hana nutsewa. Mai koyarwar, François, tsohon ma'aikacin jirgi ne, gajere mai furfura, da usur rataye a wuya. Cikin Faransanci ya bayyana musu tsarin: za a yi tsalle daga dandamali, a haɗu wuri ɗaya cikin ruwa, sannan a hau kwalekwalen ceto.

Sai a lokacin Ilya ya lura da kwalekwalen. Yana can ƙarshen tafkin yana lilo a hankali, baƙi, kumburarre. Warin robar ya ratso warin maganin ruwa ya iso hancinsa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Ya ja igiyar rigar cetonsa ya ƙara tsukewa har numfashi na yi masa wuya.

Zakiyya ce ta fara yin tsalle, ko gezau. Safi ta bi ta tana bisimilla. Da layi ya zo kan Ilya, François ya ce ya toshe hanci da hannu ɗaya, ya danne rigar da ɗayan, ya dubi gabansa, kada ya dubi ƙasa. Ilya ya dubi bango. Ya karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta cin abinci, ya ɗaga ƙafa ya taka iska.

Ruwan ya rufe shi, ya toshe masa kunne. Kafin ya gama yanke ƙauna rigar ta cillo shi sama. Ya buɗe ido ya ga fitilu, ya ga rufin gini, ya ga Safi can gefe tana ɗaga masa hannu. Ashe shi ke nan? Wani daɗi ya kama shi har ya so ya yi dariya. Ya ce a ransa bari ya koma Bobigny ya ba Malam Abakar amsar wanda ya ci.

François ya busa usur. Aka kunna jiniya, wasu ma'aikata biyu suka buɗe mesa suna yi musu feshi kamar ruwan sama, aka tayar da injin da ke sa ruwa ya yi igiya. Tafkin ya fara tashi yana faɗuwa.

"Ku haɗu! Ku riƙe juna, yara a tsakiya!"

Mutane suka yo kansa ta ko'ina, hannuwa na fitowa daga ruwa, bakuna a buɗe. Wasu dariya ma suke yi, amma jiniya ta haɗiye dariyar, buɗaɗɗen bakin kawai ya gani. Igiyar ruwa ta turo kwalekwalen har ya gogi kafaɗarsa. Sai wasu hannuwa suka sarƙe wuyansa ta baya.

Bai yi tunani ba. Ya kai gwiwar hannu baya da dukan ƙarfinsa, ya ji ta sami wani abu mai taushi. Riƙon ya saki. Ya juya ya tura ƙafa ya hankaɗe abin nesa da shi, yana wani irin gurnani da shi kansa bai san muryarsa ce ba.

Usur ya yi ƙara mai tsawo. Jiniya ta mutu, mesa ta tsaya.

Zakiyya na kwance rigingine kan ruwa, rigar ceto ta tallabe ta, jini na fita daga leɓenta yana bin haɓarta. Ba ta yi kuka ba. Kallonsa kawai take yi, irin kallon da yaro ke yi wa baƙon da ya shigo gida ba sallama. Safi ta riga kowa isa gare ta, ta ja ta zuwa bakin tafki.

Ilya bai san yadda ya fito ba. Ya tsinci kansa zaune kan benci, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Can nesa Safi ta durƙusa ta buɗe bakin yarinyar tana dubawa da yatsa, ta danna mata auduga. Leɓe ne ya fashe, haƙori bai taɓu ba. Sauran iyalan suka ƙarasa hawan kwalekwalensu shiru, kowa na kauce wa kallonsa.

François ya zo ya tsaya gabansa. Bai ɗaga murya ba.

"Ka taɓa shiga teku, ko ba haka ba?"

Ilya ya gyaɗa kai.

"Na ga irinka, kuma ba na ganin laifinku. Amma wanda ke ture mutane cikin ruwa ba zan ce ya ci gwajin nan ba. Ruwan yana nan har a tashi, ni ma ina nan." Ya koma wajen sauran.

Safi ta zaunar da Zakiyya kan wata kujera, ta lulluɓe ta da tawul, ta tako zuwa gare shi. Fuskarta ba fushi, kuma da fushin ne da ya fi masa sauƙi.

"Na ga idonka," in ji ta a hankali. "Ba ka san ta ba. Baban Zakiyya, na ji tsoronka. Tunda muke ban taɓa jin tsoronka ba sai yau."

Nan ya gaya mata. Bai yi dogon bayani ba, ya ce akwai wani mutum, ta baya ya riƙe shi, sun yi ƙasa tare. Safi ta zauna kusa da shi.

"Ku tafi ku biyu," in ji shi. "Ke suna bukatarki. Ni zan zauna Bobigny, na saba. In wani abu ya faru a teku, gara tana nesa da ni."

"Jirgi ya daɗe bai tafi ba. Wa ke ta jirgi yanzu?" Ta nuna yarinyar da haɓa. "Dube ta. In ka fita ƙofar nan a haka, Juma'a mai zuwa za ka sauka a tasha ka iske ta tsaye kusa da ni, ta miƙo maka hannu kamar baƙo. Ka ga za ka iya da wannan?"

Ya dubi Zakiyya. Ta ƙudundune cikin tawul, idonta a ƙasa.

Ilya ya miƙe. Ya zagaya ɓangaren da ruwa bai da zurfi, inda ake koya wa ƙananan yara, ya bi matakala ya sauka. Ruwan iya ƙugunsa. Ya durƙusa har ya kawo masa kafaɗa. Ya cusa hannuwansa biyu ƙarƙashin igiyar rigar ceto, ya damƙe ta ta ciki yadda ba za su fito da sauri ba. Sannan ya juya wa bakin tafkin baya.

"Zakiyya," ya kira. "Zo ki hau."

Bai ji motsinta ba. Yana jin ɗigar ruwa daga bakin mesa. Can gefe François ya daina naɗe igiyar da ke hannunsa. Safi ta matso dab da bakin ruwa ta tsuguna, yatsunta sun kama gefen, a shirye take ta faɗa.

"Maman?" in ji yarinyar.

"Ni ba zan ce ki je ba, ba zan ce kada ki je ba. Ina nan."

Ilya ya runtse ido. Ya ji sautin ƙananan ƙafafu kan jiƙaƙƙen daɓe, suka tsaya, suka sake tahowa. Ya ji ruwa ya motsa a bayansa. Wuyansa ya sandare, ya ƙara damƙe igiyar har tana yankar yatsunsa. Ya Allah, ka riƙe mini hannuwan nan. Yana jin ta tana matsowa, yana jiran yatsun su sauka.

Ba su sauka ba. Motsin ya bi ta gefensa, ya zagayo.

"Papa, buɗe ido."

Ya buɗe. Tana gabansa, ruwa iya ƙirjinta, leɓen ya kumbura.

"Ta gaba zan riƙe ka," in ji ta, maganar na fita a karkace saboda ciwon. "Don ka ga ni ce."

Ta ɗora hannu ɗaya a wuyansa, ta dakata tana kallon idonsa. Sannan ta ɗora na biyun.