Aron Mama Ranar Asabar

Ni dai ban taɓa ganin abin haushi irin wannan ba. Ƙanwata Jandira, wadda ko surfen wake sai da na koya mata, wai ita ce yau mutanen birnin Salvador ke yi wa layi!

A dandali ɗaya muke suyar ƙosai a unguwar Itapuã, ita a gindin mangwaro, ni a bakin titi. Sana'ar mahaifiyarmu ce, Dona Zulmira. Da ƙafafun Mama suka daina ɗaukarta, ni na gaji wurinta, ni kuma na ɗauke ta zuwa gidana. Wanka ni, magani ni, juyi a gado ni. Jandira sai dai ta leƙo da 'yar ayaba a leda ta ce, "Yaya Creuza, sannu da ƙoƙari."

Da na karɓi wurin sai na yi masa gyaran zamani. Na sayi akwatin gilashi da murhun gas, na ajiye farin leshi da tulin tsakiyoyin wuya na gargajiya, na ɗinka riga mai sunana a ƙirji. Tsohon tiren katakon Mama da dutsen niƙanta kuwa na fitar da su waje. Jandira ta kwashe, ina mata dariya ina cewa gidan tarihi za ta buɗe.

Ashe zamanin ne ya juya mini baya. Mutanen yanzu ba ci suke fara yi ba, hoto suke fara ɗauka. Ba ruwansu da gilashi, wai na gargajiya suke nema, wanda ke da labari. Wani ɗan iyayi mai gemun bunsuru, cikin masu tallata wuraren cin abinci a waya, shi ya koya wa Jandira dabara. Ta girke dutsen niƙa a gaban tire, alhali inji ɗaya muke kai markaɗe ni da ita. Ta naɗa ɗankwali har yana neman taɓo ganyen mangwaro. Sannan ta zo gidana.

"Yaya, ki ara mini Mama ranar Asabar mana."

"Aro? Tukunya ce?"

"Haba Yaya, iska kawai za ta sha."

Iska! Ranar Asabar ina ɗaga kai sai ga Mama cikin farin leshi a kan kekenta na guragu, gefen tiren Jandira, ga allo an rubuta: "Ƙosan Dona Zulmira, daga hannun uwa zuwa hannun 'ya." Wace 'yar? Layi ya miƙe har gaban kaskona. Masu jira suna jingina da gilashina suna ba ni ƙeya. Wata ma ta roƙe ni takardar goge hannu, manjan Jandira na ɗiga mata har gwiwar hannu.

Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Kuma ba cinikin ne ya fi ƙona ni ba. Dariyar Mama ce, da nake jiyowa daga tsallaken dandali. Rabon da in ji ta a gidana har na manta.

Da aka jera Asabar da yawa haka, na ce to ya isa. Na yi wa Mama wanka, na sa mata leshinta, na turo ta na ajiye a gefen gilashina. Jandira ta taho da gudu, tsakiyoyinta na kaɗawa.

"Yaya, mutane dominta suka zo fa!"

"To ga ta nan. Ƙafarsu ta karye ne? Su tsallako."

Suka kuwa tsallako, kaf ɗinsu. Na tsaga ƙosai, na cusa jatan lande da yaji, ina miƙawa ina satar kallon Jandira tana korar ƙuda ita kaɗai. Daɗi kamar ya kashe ni.

Sai dai ni ban iya barin Mama a hannun baƙi ba. Wani ya tambaye ta yaushe ta fara suya, na ce kada ya gajiyar da ita. Rana ta taɓa ta, na ja keken baya. Wata yarinya ta gutsura mata ƙosai, na fizge, na ce likita ya hana ta manja. Na ɓalle ƙwayar magani na sa mata a baki a gaban kowa. Mama ta haɗiye. Can sai na ji ta ja gefen rigata.

"Creuza, mayar da ni wurin ƙanwarki."

"Mama, me na yi? Ƙosaina bai fi nata ba?"

"Ya fi, nesa ba kusa ba. Nata ko gishiri bai ji ba." Ta kalli tsallaken dandali. "Amma a can ni ce Dona Zulmira mai ƙosai. A nan mara lafiyarki ce."

Da hannuna na kama keken na tura ta, layin nan gaba ɗaya ya biyo bayanmu kamar kaji sun ga mai tsaba. Jandira ta rungume ta, ta ɗora mata ƙosai mai zafi a tafin hannu. Kafin in gama gyara mata ƙafafu, Mama ta fara ba su labarin ranar da kaskonta ya kife a gaban ɗan sanda, ana ta shewa.

Wata 'yar gayu ta taɓa kafaɗata, waya a hannu.

"Baiwar Allah, ke ce mai jinyarta ko? Ɗan matsa gefe, hoton uwa da 'yarta nake so."

Na dubi Mama, ko za ta ce wani abu. Ba ta ma ji ba, tana tsakiyar labari.

Na matsa. Daga bakin titi iska ta kawo mini ƙaurin ƙosan da na bari a wuta.